Kafin a Je Ganin Teku, a Leƙa Rumbu

Kowace shekara, da zarar lakkol ta kusa rufewa, magana ɗaya takan zagaya burorin gwamnati da majalisun ma'aikata, daga Yamai har Damagaram: ina za a kai iyali hutu? A zamanin da, amsar ba ta da wuya. Mai kwanje yakan kwashi mata da yara ya nufi garinsu, ya taya dangi noma, ya gaida tsofaffi, ya komo da buhun gero da ƴan zabi ɗaure bisa mota. Yau kuwa wayar hannu ta shigo da wani sabon marmari. Ana ganin hoton farin rairayi, da itatuwan kwakwa, da ruwa shuɗi kamar an zuba masa shuni, a ƙarƙashi kuma an rubuta cewa mako guda a tsibirin Zanzibar ko na Moris bai fi ƙarfin kowa ba. Yara su gani, uwargida ta gani, abokin aiki ya ce ai wane ma ya je bara. Daga nan sai maigida ya fara lissafi a zuci, kuma galibi lissafin nan rabi ne.

Ya kamata a faɗa tun farko cewa tafiyar ba abin zargi ba ce. Akwai masu cewa yawon buɗe ido aikin Nasara ne, ɗan Nijar ba ya da abin nema a bakin teku. Maganar nan ba ta da tushe. Dokar aiki ta shekarar 2012 ta ba ma'aikaci hutun kwana 2 da rabi a kan kowane watan da ya yi aiki, watau wata guda cur a shekara, ba ta kuwa gindaya masa inda zai kwana ba. Nijar ƙasa ce da ba ta taɓa teku ta kowace kusurwa; daga Yamai zuwa tashar jiragen ruwa ta Kwatano akwai kimanin kilomita 1000. Yaron da mushe ya koya wa cewa ruwa ya rufe kashi 7 cikin 10 na doron duniya, alhali idonsa bai taɓa ganin abin da ya fi kogin Isa ko tabkin Madarunfa faɗi ba, in ya tsaya rana ɗaya gaban ruwan da babu ganin ƙarshensa ya sami darasin da allo ba ya bayarwa. Tafiya mabuɗin ilmi ce, haka magabata suka ce, ba su kuwa ware ta tsibiri ba.

Amma magabatan nan da suka yabi tafiya ba su taɓa raba ta da guzuri ba. Madugun da zai tada ayari zuwa Gwanja sayen goro, ko zuwa Bilma ɗaukar gishiri, ba ya ɗaura kaya sai ya ƙidaya kwanakin hanya, da zangon da ke da rijiya da wanda babu, da kuɗin fito a bakin kogi, da gaisuwar sarakunan da za a ratsa ƙasarsu. Abin da ya fi duka, sai ya auna hatsin da zai bar wa gida har ranar komowarsa. Ra'ayin da ake son kafawa a nan ke nan: iyalin da ke son ganin tsibiri su gan shi da kuɗin da suka tara, bayan sun cika rumbu, su kuma zaɓi tsibirin daidai aljihunsu. Wanda bai iya haka ba bana, ya jira baɗi ko baɗin baɗaɗa. Teku ba ya ƙafewa.

Tarkon farko yana cikin harshe ne. A kasuwannin Nijar in an ce dala, tamma 5 ake nufi, dala 200 kuma ita ce jika. Masu tallan tafiye-tafiye kuwa da dalar Amurka suke magana, kunne ya ji ƙaramin lissafi, zuciya ta kwanta. Dala 44 ta kasuwar Maraɗi tamma 220 ce, kuɗin ƙosai da kunu. Dala 44 ta Amurka ta haura jika 25. Bugu da ƙari, sefa tana ɗaure da yuro tun 1999, yuro guda kusan tamma 656, ba hawa ba sauka, amma dalar Amurka ba ta da wannan turke. A watan Satumba 2022, lokacin da yuro ta faɗi ƙasa da ita, sai da dala guda ta wuce tamma 670. A 2025 kuma ta sauko ƙasa da 600. Wanda ya yi lissafinsa a Janairu yana iya tarar da wani farashi daban a Yuli. Domin sauƙin ƙidaya, a nan za a ɗauki dalar Amurka a kan tamma 600.

A ɗauki Zanzibar misali, tunda ita ce ta fi yawo a bakin jama'a. Gaskiya tana da abin jan hankali. Manyan tsibiranta biyu ne, Unguja da Pemba, cikin tekun Indiya, sun haɗu da Tanganyika a watan Afrilu 1964 aka sami Tanzaniya. Galibin mutanenta Musulmi ne, saboda haka baƙo daga Tawa ba zai sha wahalar neman masallaci ko abincin da zai ci da kwanciyar rai ba. Harshensu na Sawahili ya ɗebi kalmomi a rijiya ɗaya da Hausa, watau Larabci: su ce habari inda Bahaushe ke cewa labari, su ce dunia, su ce kalamu ga alƙalami. Tsohon birninta na dutse, mai ƙofofin katako sassaƙaƙƙu da lunguna kamar na Birnin Damagaram, hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a shekarar 2000. A nan ne aka rufe babbar kasuwar bayi a 1873, a nan kuma yaro zai ga itacen kanumfari da idonsa. Duk wannan gaskiya ne. Sauran kuɗi.

Babu jirgin da ke tashi daga filin Diori Hamani ya sauka Zanzibar kai tsaye. Sai an yada zango, galibi a Adis Ababa ta Habasha. Farashin tikiti yana canzawa da wata da kuma yawan masu nema, don haka a yi misali kawai: a ce na babba, zuwa da komowa, jika 500 ne. A ce kuma iyalin mutum 6 ne, uba da uwa, da yara masu shekara 14, da 10, da 7, da na goye. A nan ne maigida kan fara ruɗin kansa, ya ce ai yara rabin kuɗi ne. Ba haka ba ne. A yawancin kamfanonin jiragen sama, wanda ya cika shekara 12 babba ne, kuɗinsa cikakke. Daga shekara 2 zuwa 11 ana biyan kimanin kashi 3 cikin 4. Na goye, wanda ba ya da kujera, kimanin kashi 1 cikin 10. In an tara, iyalin nan sun sayi tikitin manya 4 da rabi da ɗoriya, watau miliyan 2 da jika 300, tun ba su taka ƙofar jirgi ba.

Sai takardu, waɗanda mai talla ba ya rubutawa ƙarƙashin hoto. Zamanin da ake manna hoton yaro cikin fasfon uwarsa ya wuce. Yanzu kowane rai da nasa, har na goye, kuma sai ya rage masa aƙalla wata 6 kafin ya mutu. Bizar Tanzaniya ta yawon buɗe ido dala 50 ce ta Amurka ga mutum guda, mutum 6 ke nan jika 180. Nijar kuwa tana cikin ƙasashen da ba a ba mutanensu biza a filin jirgi. Sai an nema tun da nisa an jira amsa, don haka mai hankali ba ya biyan tikitin da ba a maida kuɗinsa kafin amsar ta zo. Tun 1 ga Oktoba 2024 hukumar Zanzibar ta wajabta wa kowane baƙo sayen inshorar tafiya a wurin kamfaninta, dala 44 ga babba, ko da ya riga ya sayi wata a gida. Akwai katin allurar zazzaɓin shawara, wanda ake nema ga duk mai fitowa daga ƙasashen Afirka ta Yamma. Sa'a ɗaya, tun 2016 hukumar lafiya ta duniya ta ce allura guda ta isa har iyakar rai. Akwai kuma harajin kwana da masauki ke karɓa a kan kowane baƙo kowane dare, wanda a 2023 aka ɗaga shi zuwa dala 5 a manyan otel. Miji da mata kaɗai, dare 7, dala 70 ke nan, jika 42.

A riƙe wannan adadi na ƙarshe, domin shi ne daidai mafi ƙarancin albashi a Nijar tun Janairu 2024, bayan ya daɗe a jika 30 da ƴan kai tun 2012. Watau harajin barcin mutum biyu na mako guda ya cinye gumin wata na ƙaramin ma'aikaci, kuɗin biza kaɗai kuma ya fi albashinsa na wata 4.

Sauran lissafin mai karatu zai iya yinsa da kansa, tunda ya san jimla da ninkawa. Mutum 6 ba su shiga ɗaki ɗaya. In ɗaki biyu ne a kan jika 40 kowanne, dare 7 ya ba da jika 560. A sa wa abinci jika 30 a yini, a sa wa motar haya da shiga wuraren kallo jika 150. A sa tsaraba, domin ba a taɓa jin Bahaushen da ya ƙetare teku ya komo hannu rabbana ba. Surukai, da maƙwabta, da abokan buro, kowa yana jiran turarensa ko ƴar ledar kanumfari. Mutane da yawa sukan manta da ita a lissafi, alhali ita kaɗai ce babu wanda zai yafe. In an haɗa duka, iyalin nan na misali sun wuce miliyan 3 da rabi, in kuma an ƙara abin ajiya don tsautsayi sun taɓa miliyan 4. Wanda ke son tara wannan cikin shekara 2, sai ya ware kusan jika 167 kowane wata. Cikin shekara 3, jika 111. Babban ɗan kasuwa ko likita mai asibitin kansa yana iya yi bai ji a jikinsa ba. Malamin lakkol ko akawun buro ya dubi takardar albashinsa, ita za ta ba shi amsa ba tare da kunya ba.

Akwai kuma maganar lokaci, wadda ita ce ta fi shafar ɗan Nijar. Babban hutun lakkol yana faɗowa Yuli da Agusta da Satumba. Yuli da Agusta su ne watannin da Turawa ke barin gidajensu, su ne kuma na rani mai sanyi a Zanzibar, saboda haka tikiti da ɗaki duka suna kan ganiyar tsada. Arha tana zuwa ne daga Maris zuwa Mayu, lokacin manyan ruwan sama na can, sa'ad da yara ke cikin aji. To, a daidai watannin nan na tsada ne kuma rumbunan karkara ke yin ƙasa, tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba, tiyar gero ta hau, saƙonni su fara zuwa daga ƙauye. Babu ma'aikacin da albashinsa na shi kaɗai ne; bayan kowane ɗaya akwai tsohuwa, akwai ƙannai, akwai gonar da ke jiran kuɗin taki da na ƴan ƙwadago. A shekarun nan ma ragon layya ya matso kusa: babbar salla ta zo tsakiyar Yuni a 2024, farkon Yuni a 2025. Da an sauko daga wannan kuma sai buɗe lakkol, da littattafai, da ɗinki, da kuɗin makarantar kuɗi ga masu yara a can. Aljihu ɗaya ne ke ɗaukar duka huɗun. Wanda ya sa hoton kansa bakin teku a watan da mahaifiyarsa ke auna gero da ƙaramin kwano, ya sani hoton zai riga shi isa ƙauye.

In dai sai an je, akwai ƴar kafa a farkon Satumba. Yaran Turai sun koma aji, farashi ya fara sauka, ruwan sama bai fara ba a Zanzibar, a Nijar kuma yawancin shekaru ƙananan azuzuwa ba su buɗewa sai Oktoba. Sharaɗin shi ne kuɗin buɗe lakkol ya riga ya shiga ambulan an manne bakinsa kafin a ɗaura akwati.

Abin da ya kamata a guje wa kamar wuta shi ne bashi. Bankuna suna buɗe wa mai albashi ƙofa da fara'a, domin sun san ta hannunsu albashin ke bi. A shekarar 2014 hukumomin kuɗin ƙasashen sefa na yamma suka tsayar da iyakar kuɗin ruwa a kashi 15 cikin 100 ga bankuna, kashi 24 ga ƙananan asusun bada rance. A ce mutum ya sami sassauci, an ba shi miliyan 4 a kan kashi 12, ya biya cikin shekara 3. Kowane wata za a yanke masa kusan jika 133, a ƙarshe ya biya kusan jika 800 bisa abin da ya ranta. Mai tarawa da mai rance tafiya ɗaya suka yi, kwana 7 ɗaya; amma na farko ya sauka jirgi ya gama, na biyu ya sauka jirgi ya fara. Wata 36 zai yi yana biyan ruwan da ya daɗe da bushewa a jikinsa. Bashin gina ɗaki yana barin ɗaki, bashin shanun noma yana barin shanu. Ana cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma ba kowane hanji ke lafiya ba.

Lamarin ba ya tsayawa cikin gida, shi ya sa ya cancanci shafin jarida. Ma'aikacin da aka yanke wa sulusin albashi, ga haya, ga cefane, ga mai bin bashin shinkafa a ƙofar buro, shi ne wanda idonsa kan fara sauka a kan kes ɗin gwamnati, ko a kan aljihun talakan da ya zo neman takardar haihuwa. Ba kowane mai bashi ne ke cin amana ba, nesa ba kusa ba. Sai dai duk shugaban ma'aikata ya san cewa hannun da ya fi saurin karɓar abin goro shi ne hannun da ke cikin matsi. Shugabannin da ke sa hannu a takardar neman rance suna da haƙƙin tambaya da nasiha, ba sa hannu kaɗai ba.

Lissafin nan kuma ba na maigida shi ɗaya ba ne. Uwargida ce ta san abin da tukunya ke ci a wata, ita ce za ta ji raɗaɗin ragin kuɗin cefane, don haka a zauna da ita da takarda da alƙalami tun ranar farko. Yaran da suka iya jimla su ma a ba su aiki: wannan ya ninka kuɗin ɗaki, wancan ya juya dalar Amurka zuwa sefa. Ya fi musu darussa da yawa. A gidan mai mata biyu ko uku tambayar ta fi nauyi, domin wa za a ɗauka, wa za a bari? In an ɗauki kowa, lissafi ya ninka. In an ɗauki ɗaki ɗaya, sai a rubuta tun yanzu cewa akwai tafiya ta biyu a wuyan maigida, ko abin da ya yi daidai da ita. In ba haka ba, mako guda na shaƙatawa zai haifi shekara ta gaba da gaba, har yara su gada. Maza da yawa sukan yi kamar ba su ga wannan layi ba, alhali ya fi na tikiti tsada.

Hanyoyin tarawa kuwa ba baƙi ba ne. Mai zurfin ido da wuri yake fara kuka. Ana iya buɗe littafin ajiya daban, wanda ba shi ne na albashi ba, a umurci banki ya riƙa tura wani abu ciki ranar da albashi ya sauka, tun hannu bai taɓa shi ba. Ana iya shiga adashi da mutanen kirki a nemi ɗauka ta ƙarshe, domin mai ɗaukar farko rance ya ci, mai ɗaukar ƙarshe shi ne ya yi tanadi. Hatsin shekara a saye shi da kaka, Oktoba ko Nuwamba, lokacin da ya fi arha, na gida da na ƙauye duka. Abin da ya ragu bayan wannan shi ne na teku. A can ma akwai wuraren tsimi. Gidan haya mai madafa ya fi otel sauƙi ga iyali masu yawa, kifi da shinkafa da ayaba suna kasuwa, ana kuma iya tafiya da garin rogo da dabino da ganyen shayi. Kilishi dai a bar shi gida, ƙasashe da yawa ba su yarda a shigo da nama ba.

Wuri biyu ne tsimi ba ya da amfani. Na farko abin ajiya don tsautsayi, aƙalla kashi 1 cikin 10 na dukan kuɗin tafiya, wanda ba a taɓawa don tsaraba. A watan Maris 2020 annobar korona ta sa an rufe filayen jiragen saman Nijar, ba a buɗe ba sai Agusta. A Agusta 2023 kuma sararin samaniyar ƙasa ya yi kusan wata guda a rufe. Sau biyu ke nan cikin shekara 4 matafiya suka maƙale a ƙasar waje suna biyan ɗakin da ba su shirya masa ba. Na biyu shi ne jirgin ruwa. Tsibiri ba a shigarsa da ƙafa, kuma jirgi mai arha galibi shi ne wanda aka yi wa lodi fiye da kima. A Satumba 2011 jirgin Spice Islander ya nutse tsakanin Unguja da Pemba da ɗaruruwan rayuka. A Satumba 2002 jirgin Joola na Sanagal ya kife da mutum fiye da 1800. Duka biyun sun ɗauki fiye da ƙarfinsu. Yaran Nijar kaɗan ne suka iya ruwa. Uba ya biya jirgin da ke da rigar ceto, ya kuma ga an sa musu.

To, wanda ya yi wannan lissafi ya ga Zanzibar ta fi ƙarfinsa, ba shi ke nan ya rasa tsibiri ba. Akwai na kusa, inda kuɗin aljihunsa ke ci. Ƙasashe 8 ne ke amfani da sefar yamma, 5 daga cikinsu suna bakin teku: Benin, da Togo, da Kodibuwar, da Sanagal, da Gine Bisau. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Mai zuwa Tanzaniya sai ya canza sefa zuwa yuro ko dala a Yamai, ya sake canzawa zuwa shilin a can, kowane canji kuma da abin da ke zuba ƙasa. Mai zuwa Dakar jikarsa jika ce, babu ragi. Ko da yake Nijar ta fice daga ƙungiyar CEDEAO a Janairu 2025 tare da Mali da Burkina Faso, ba ta fita ƙungiyar kuɗi ta UEMOA ba, wadda yarjejeniyarta ta 1994 ta amince da zirga-zirgar ƴan ƙasashenta. Layin biza, da na inshorar dole, da na canji, sun fita daga takarda. Tikitin jirgin sama dai yana nan da nauyinsa, domin tun da kamfanin Air Afrique ya durƙushe a 2002 tafiya tsakanin biranen Afirka ta Yamma ba ta yi arha ba, sau da yawa kuma sai an bi ta Lome ko Abijan. Hanyar mota ta Wagadugu da Bamako ta fi sauƙin kuɗi, amma kwanaki ce, kuma ba a ɗaukar yara a kanta sai an tambayi halin tsaro.

Gaban birnin Dakar, tafiyar kimanin minti 20 a jirgin ruwa, akwai tsibirin Gore. Ƙarami ne, tsawonsa bai kai kilomita guda ba, babu mota ko ɗaya a cikinsa. Yana cikin wuraren farko da UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya, tun 1978, saboda tarihin cinikin bayi da gidan nan mai ƙofa da ke kallon teku. Ga ɗan Nijar kuwa yana da wani tarihi na biyu. A Gore ne makarantar horon malamai ta Wiliyam Ponti ta zauna daga 1913 har kusan ƙarshen shekarun 1930, kafin a maida ta Sebikotan. A can Bubu Hama ya yi karatu, ya fito a 1929 ya zama malamin lakkol na farko ɗan Nijar da ta yaye. A can ma Diori Hamani, shugaban ƙasa na farko, ya biyo sawunsa. Yaran karkara ne da suka baro gida suka ƙetare ruwan gishiri don neman ilmi. Uban da ya tsayar da ɗansa gaban tsohon ginin nan ya ba shi labarinsu, ya sayi abin da manyan otel ba su sayarwa.

Kada a ruɗi kowa: Gore ba Zanzibar ba ce. Bakin ruwanta na wanka ɗan ƙarami ne, yini ɗaya ko biyu sun isa a zagaye ta, sauran kwanakin a Dakar za a yi su, Dakar kuwa birni ne mai tsadar ɗaki da mota. Filin jirginta na Blaise Diagne, wanda aka buɗe a Disamba 2017, yana da nisan kusan kilomita 50 daga gari, don haka kuɗin mota daga can ma layi ne a takarda. Agusta da Satumba damina ce a Sanagal kamar yadda take a Nijar. Amma wanda ke da ɗan'uwa ɗalibi ko ma'aikaci a birnin, ko ya san hanyar neman gidan haya a unguwa, zai ga lissafinsa ya ragu ƙwarai, tsibirin Ngor kuma yana nan kusa ga masu son rairayi. A tashar jirgin Gore farashin tikiti hawa uku ne: na mazaunin Sanagal, da na ɗan Afirka, da na baƙon da ya fito wata nahiya. Wanda ya bar katinsa na ɗan ƙasa a masauki, kuɗin Bature zai biya.